Kun Tambaya, Mun Amsa: Rago, Jarka, Ɓera da Lafiyarmu a Ikko

Wasiƙun wannan watan galibinsu daga 'yan'uwanmu mazauna Legas suka fito, daga Alaba Rago, Idi-Araba, Agege da Mile 12. Likitan dabbobi da masanin ƙwayoyin cuta da jami'in lafiyar al'umma ne suka zauna tare suka amsa su. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Daga wani Alhaji mai fataucin raguna a Alaba Rago: Assalamu alaikum. Duk lokacin da tirela ta sauke mana raguna daga Arewa, mukan bi su ɗaya bayan ɗaya da allurar el-e don kada su kwanta. A da allura ɗaya ta wadatar. Yanzu sai a yi biyu, a yi uku, rago na nan yana tari da majina. Jabun magani ne ya yi yawa? Kuma wani ya ce mini naman irin wannan ragon yana cutar da mai ci. Da gaske ne?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Jabu kam akwai shi, don haka ka riƙa duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ka kuma guji kwalbar da ta wuni a rana a kan tebur ko wadda ruwanta ya yi duhu sosai. Sai dai ko da maganin na gaske ne, akwai abubuwa uku da ke sa ka ga kamar ruwa ka tsira wa ragon.

El-e ɗin nan sunansa oksitetrasaikilin, kuma bakteriya kaɗai yake kashewa. Yawancin ragunan da ke sauka da zazzaɓi, idanu na ruwa, hanci ya toshe da busasshiyar majina, ga gyambo a baki, bayan kwana biyu kuma zawo ya biyo, suna ɗauke ne da annobar tumaki da awaki da likitoci ke kira PPR. Ita kuwa bairos ce, allurar ba ta taɓa ta ko kaɗan. Abin da ke tare ta shi ne rigakafi, wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato take yi, kuma allura ɗaya tana kare dabba shekara uku ko fiye. Amma a can Arewa za a yi ta, kamar mako uku kafin a loda su. Idan ka saba da masu haɗa maka kaya a kara, wannan ita ce maganar da ya kamata ka yi da su.

Sai batun awo. El-e mai ƙarfin kashi 20 cikin 100 ana ba da mil 1 ne ga kowane kilo 10 na nauyin dabba. Rago mai kilo 40 mil 4 ke nan, a cikin tsoka, kuma kada a zuba fiye da mil 5 a wuri ɗaya. Abin da ake yi a kara shi ne a zuƙo mil 2 a tsira wa babba da ƙarami, don kwalba ta zagaya. Wannan rabin awon shi ne ya fi kowace ɓarna. Yana kashe ƙwayoyin da ba su da ƙarfi, ya bar masu taurin kai, su kuma su samu fili su hayayyafa. Bakteriya in ta samu yanayi mai kyau tana rabuwa biyu duk bayan kimanin minti 20, ka ga kafin gari ya waye garke ya cika da irin da ba ya jin magani.

Abin da ya fi tayar wa masana hankali shi ne an gano bakteriya tana miƙa wa 'yar'uwarta wannan taurin kan, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, ta hanyar wani ɗan guntun gado da ke tsallakawa daga wannan zuwa waccan. A 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka ba da rahoton irin wannan guntu a jikin dabbobin gona da kuma marasa lafiya a asibiti, wanda ke karya lagon kolistin, maganin da likitoci ke ajewa sai komai ya gagara. Cikin 'yan shekaru aka same shi a ƙasashe da dama. Hanyar kuwa a gabanmu take. Kashin dabba ya gangara kwata, ruwan sama ya kwashe shi zuwa rijiya, ko ya bi hannun mahauci da wuƙarsa ya hau nama. Wani babban nazari da mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka rasu a duniya kai-tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina asara. Wato mu ke nan.

Game da nama, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Kowane magani yana da kwanakin jira kafin yanka, a rubuce suke a jikin kwalba. Na el-e galibi kwana 21 zuwa 28 ne. Ragon da aka yi wa allura ana saura kwana uku Babbar Sallah, maganin na nan a tsokarsa da hantarsa da ƙodarsa ranar layya, kuma suya ko gashi ba sa kawar da shi duka. Muna ganin haƙƙin mai saye ne ya sani. Ka shafa wa wanda aka yi wa allura fenti a ƙaho, ka rubuta ranar a littafi. Maganin kloramfenikol kuwa kada ya kusanci dabbar da za a ci, domin ɗan kaɗan ɗinsa yana iya tsayar da ɓargon wasu mutane daga yin jini.

Ranar da kaya suka sauka, inuwa da ruwa mai tsabta za ka fara ba su, sai harawa. Ka jinkirta dusa da hatsi zuwa washegari, a fara da kaɗan. Ka ware masu tari gefe guda da kwanon ruwansu daban. Ka sayi ma'aunin zafi, ba shi da tsada, a sa shi ta dubura. Lafiyayyen rago yana tsakanin digiri 38.5 da 40, wanda ya haura 40.5 shi ne mai zazzaɓi, shi za a nuna wa likita. Sauran gajiyar hanya ce ke damunsu, hutu suke so. Kuma a riƙa canza tsinken allura, kada tsinke ɗaya ya zagaye garke.

Daga wani ɗan ga-ruwa a Idi-Araba: Ina tura kura mai jarka goma. Ruwan rijiyar burtsatse nake ɗebowa, garau da shi. Amma duk sanda amai da gudawa ta ɓarke, mu ake nuna wa yatsa. Ta yaya ruwan da ba shi da ko ɗigon datti zai ba mutum kwalara?

Malam, sannu da aiki, unguwanni da yawa a garin nan da ku suka dogara. Ido ba ya ganin ƙwayar kwalara, ruwa yana iya zama fes alhali tana ciki. Legas kuma gari ne da ruwan ƙasa ke kusa da sama, ga gidaje a cunkushe, ramin masai da rijiya sau da yawa taku kaɗan ne tsakaninsu, bayan ƙa'ida ita ce a bar kimanin mita 30. Da damina ta sauka aka yi ambaliya, abin da ke cikin masai sai ya tsarga cikin rijiyar da ba ta da zurfi ko wadda bakinta ya tsage. A irin wannan lokaci ne annobar watan Yunin 2024 ta tashi, ta fi tsanani a Tsibirin Legas. Ban da haka, ƙwayar kwalara 'yar ruwa ce tun asali. Tana rayuwa a inda ruwan gishiri ya haɗu da na daɗi, kamar tafkin da ya kewaye Legas, manne a jikin wasu ƙananan halittun ruwa.

Amma akwai ɓangaren da ke hannunka. Zura yatsa cikin jarkarka ka shafo bangonta. Idan ka ji santsi, wannan gida ne da ƙwayoyin cuta suka gina, kuma ɗauraya da ruwa kawai ba ta fitar da shi. Aƙalla sau ɗaya a mako ka wanke da sabulu ka girgiza sosai, sannan ka haɗa ruwan bilic. Idan mai ƙarfin kashi 3.5 ne irin su Jik, awo ɗaya na bilic, awo shida na ruwa. Ka zuba kamar kofi biyu a kowace jarka, ka rufe, ka jujjuya ta ya taɓa ko'ina har marfi, ka bar shi kamar minti 10, ka zubar ka ɗauraye da ruwa mai kyau. Kada ka goge cikinta da yashi, yana karce roba, ƙwayoyin kuma a cikin karcen suke ɓuya. Jarkar da ta yi kore ko ta tsage ta gama aiki. Kowace ta samu marfinta, a daina toshe baki da leda ko tsumma, kuma kan tiyo kada ya taɓa ƙasa.

Ga masu saye, ku tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko ku sa maganin ruwa na kilorin daidai awon da ke jikin kwalinsa, ku jira minti 30 kafin a sha. Idan ruwan ya yi gurɓi a fara tace shi, domin datti yana cinye ƙarfin kilorin. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan Bangladesh, aka buga a 2003, ya nuna cewa tace ruwa da tsohon zanen auduga da aka ninka sau huɗu ko fiye ya rage kamuwa da kwalara da kusan rabi, saboda zanen yana tare halittun da ƙwayar ke manne musu. Taimako ne, amma bai kai tafasawa ba. Sannan a lura da moda. Ruwan da aka tafasa, in kowa zai tsoma hannu da moda a ciki, an koma gidan jiya. Bokiti mai famfo ya fi.

In har ciwon ya shigo gida, alamarsa zawo ne mai yawa kamar ruwan wankin shinkafa, sau da yawa ba ciwon ciki ba zazzaɓi, kuma yana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa, don haka Flagyl ko kafso mai ja da rawaya ba za su maye gurbin ruwa ba. A zuba ƙunshi ɗaya na gishiri da sukari na kemis a lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya wata. In babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokalin na gishiri, a lita 1. Gishiri ya wuce haka yana cutar da yaro. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi ana kan hanyar asibiti, ko ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba, mai shayarwa kada ta tsayar da nono. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Daga wani mahauci a Oko-Oba, Agege: Wani lokaci saniya lafiya lau da dare, da asuba ta faɗi tana shure-shure, sai a yi maza a sa mata wuƙa kada ta zama mushe. Yaushe ne wannan yake da haɗari?

Malam, mun san dukiya ce mai yawa ke shirin salwanta a wannan lokacin, shi ya sa hannu ke saurin kaiwa ga wuƙa. Amma faɗuwar farat ɗaya ita ce babbar alamar ciwon saifa, wanda a asibiti ake kira antiraks. An tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja a watan Yulin 2023, ba a jima ba aka same shi a wasu dabbobi a nan Legas. Ka duba waɗannan: baƙin jini yana tsattsafowa ta hanci, baki ko dubura kuma ba ya daskarewa, ciki ya kumbura da wuri, gawar ba ta sandare ba. In an riga an farke, za a ga saifa ta kumbura ta yi baƙi ta yi laushi.

Dalilin da ya sa ake hana farkewa shi ne, muddin ƙwayar tana cikin rufaffiyar gawa, ruɓewa tana kashe mafi yawanta cikin kwanaki. Da zarar jini ya sha iska sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta zauna a ƙasa shekaru gommai tana jiran wata dabbar. Wurin da aka feɗe saniya ɗaya ya zama tarko ke nan. Saboda haka kada a yanka, kada a feɗe, kada a ja ta a ƙasa. A rufe ta da tamfol, a kori karnuka, a kira likitan dabbobin gwamnati da ke mayankar. Ƙonewa ƙurmus ta fi, in ba hali a binne a rami mai zurfin mita 2, nesa da ruwa. Fatar ma ba a cirewa, domin ganda da aka yi da ita tana ɗauke da cutar.

A jikin mutum ta fi bayyana a fata. Ƙurji ne mai ƙaiƙayi a hannu, wuya ko fuska, ya zama ƙulli mai ruwa, sannan tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi, gefe ya kumbura, kuma ba ya zafi sosai. Rashin zafin ne ke sa a raina shi. Yana jin magani idan an je da wuri, amma ka gaya wa likita sana'arka, in ba haka ba zai ɗauka maruru ne. Ga masu kiwo, rigakafin saifa sau ɗaya ake yi a shekara, kuma kada a haɗa shi da el-e, domin ƙwaya ce mai rai da aka raunana, allurar za ta kashe ta rigakafin ya tashi a banza.

Daga wata Hajiya mai siton wake da gero a Mile 12: Ɓeraye sun addabe ni. Duk ɓera ne ke kawo zazzaɓin Lassa? Na sa guba sau da yawa, suna dawowa.

Hajiya, ba duka ba. Babban mai ɗauke da ita wani ɗan ɓera ne mai laushin gashi, macensa tana da nonuwa jere da yawa fiye da na sauran ɓeraye, ya fi zama a ƙauyuka da gefen gonaki. Shi ba ya ciwo, amma yana zubar da cutar a fitsari da kashinsa. A 2016 masu bincike sun ba da rahoton samun ta a wasu nau'o'in ɓera biyu ban da shi, saboda haka kallon ɓera ba zai ba ki tabbaci ba. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, yanzu ta fi yawa a Ondo, Edo, Bauchi da Taraba, musamman daga Disamba zuwa Afrilu. Ƙattin ɓerayen kwata na Legas kuwa wata cutar suka fi bazawa ta fitsarinsu, mai kawo zazzaɓi da ciwon sha-raɓa da shawara, tana shiga ta ciwon ƙafa idan an ratsa ruwan ambaliya.

Abin da kika gani game da guba, shi masu bincike suka gani a ƙauyukan ƙasar Gini: an sa guba ɓeraye sun ragu, bayan 'yan watanni suka dawo kamar ba a yi ba, domin abinci da maɓoya na nan. To ki fara da waɗannan. Buhuna su hau katako, kamar taƙi ɗaya da rabi daga ƙasa, a bar ratar da mutum zai wuce tsakaninsu da bango. A toshe duk ramin da fensir zai shiga da siminti ko ragar ƙarfe, a sa wa ƙasan ƙofa falle. A kwashe tsabar da ta zube kowace yamma. Kashin ɓera kada a share shi a bushe, ƙurarsa ake shaƙa. A yayyafa masa ruwan bilic irin haɗin da muka faɗa a sama, a jira, a kwashe da safar hannu. Mushensa ma haka.

Mutum takwas cikin goma da suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma sauran tana kayar da su, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke kuma suna samun matsalar ji. Ga mai tsohon ciki haɗarin ya fi girma nesa ba kusa ba. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya kwana uku bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro da kasala, musamman ga wanda ya dawo daga tafiya cikin mako uku, a tafi asibiti kada a jira ganin jini. Layin kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, shi ne 6232.

Daga wata uwa a Agege: Nonon da ya yi tsami ba ya kashe cuta da kansa? Yarana suna son fura da nono.

'Yar'uwa, tsami yana rage wasu ƙwayoyin amma ba a dogara da shi. Tarin fuka na shanu da bakkale, mai sa shanu ɓari ya sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, duka suna bi ta ɗanyar madara. A 2024 ma an samu murar tsuntsaye a madarar shanu a Amurka, abin da ba a taɓa gani ba, kuma dafa madara ya kashe ta. Ki tambayi mai nonon ko tana dafa madarar kafin ta kwana. In ke za ki haɗa a gida, ki ɗora madarar har ta taso, ki sauke ta huce zuwa ɗumin da yatsa zai jure, sannan ki zuba cokali biyu na nonon jiya da aka yi da dafaffiyar madara a kowace lita, ki rufe ya kwana. Ruwa da ƙanƙarar da za a dama furar da su, su ma su zama na ruwan da aka tafasa.